Yadda Za Ka Zama Manomi a Bayan Ɗakin Girki

Tunda buhun takin zamani ya koma sai masu hannu da shuni, lokaci ya yi da za ka dubi kwandon shara da idon arziki. Sai dai kafin ka ɗauki fartanya, ka sani a gidan Bahaushe babu ɓawon da ba shi da magaji. Ɓawon dankali na akuya ne, tsakin hatsi na kaji, ƙanzo kuwa uwargida ta riga ta shanya shi don kwaɗo. Saboda haka sai ka fara da sulhu: roƙi uwargida ta ware maka abin da kowa ya ƙi, wato ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, ganyen shayi da ɓawon ƙwai. Akuya ba a zaman sulhu da ita, shinge ake yi mata.

Don haɗa taki, haƙa rami a inuwa, zurfinsa zuwa gwiwa. Shimfiɗa busassun ganye ko karan dawa da aka sassara, zuba ganimar da ka samo daga madafa, bi da kashin awaki ko na kaji, ka rufe da 'yar ƙasa. Busasshe ya ninka ɗanye. In ka juya lissafin, maƙwabta ne za su fara sanar da kai, su ma hanci ne zai sanar da su. Toka barbaɗawa ake yi, domin yawanta na korar naitirojin, alhali shi kake nema. Nama, ƙashi da mai kada su leƙa ramin, sai in kana da niyyar buɗe wa ɓeraye masauki. Leda kuwa, tambayi manoman kewayen Kano da suka daɗe suna kai sharar birni gona a mangalar jaki: ba ta ruɓewa, jikanka ne zai tono ta.

Jiƙa takin da ruwan wankin shinkafa, ban da mai sabulu. Damƙi kaɗan a hannu, ya yi danshi amma kada ya ɗiga. Da hunturu lulluɓe shi da tsohon buhu, ka riƙa juyawa duk mako ɗaya ko biyu. Wata rana za ka tura hannu ka ji tsakiyarsa da zafi, har yana iya kai digiri 60. Kada ka kira mai ruƙiyya, ƙwayoyin halitta ne ke cin abincinsu. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya daina wari.

Sai shuka. Gauraya takin da ƙasa a buhun shinkafa, ka huda gindinsa. Gindin albasa mai lawashi kan sake toho, haka dankalin Hausa da ya tsiro a lungun sito da citta mai ido. 'Ya'yan tumatirin kasuwa sukan fito, amma in irin da aka haɗa aure ne, ba lallai su biyo uwarsu ba. Kabewa kuma ba ta jiran gayyata, da kanta za ta ɓullo daga ramin. Ko kunya kada ka ji, ce kai ka shuka.

Ranar da tumatir ya fara ja, shirya karɓar baƙi. Maƙwabciyar da ta fi kowa ƙorafin wari ita ce za ta fara aiko yaro da kwano: "Wai in ji Mama, tana gaisuwa, a sam mata na miya."