Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tayar Gaban Mashina

Ranki ya daɗe, Hajiya Tayar Gaba,

Na ga gara in rubuto miki a bainar jama'a, tunda lallashi a zaure ya ƙi ci. Ke ce jagorar tafiya. Inji yana ta hayaniyarsa, ƙanwarki ta baya tana fama da buhu da fasinja, amma inda kika sa kai nan kowa yake bi. To me ya kawo rawa a wannan matsayi naki? Tun da aka canza miki boris aka mayar da ke mazauninki kike girgiɗi kamar haƙorin da ya kusa fita. In ana tafiya a hankali ba a ji. Da an ɗan ja mai sai kan mashin ya fara kaɗa mini hannu, a kwana kuwa sai kin tsaya shawara kafin ki bi.

Na kai ƙara wurin bakaniken da ya taɓa ki. Ya ɗan shure ki da ƙafa, ya ce, "Sabon boris ne, Alhaji, zai zauna." Ni dai ban san inda zai zauna ba. Boris na kirki, in an sa shi daidai, tun ranar farko ba ya motsi gefe ko kaɗan. Wanda ya fara da rawa, gaba zai ƙara. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda kada in zalunce ki, sai da na binciki maƙwabtanki. Na kafe mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, na sa yaro ya zauna a baya har kika tashi sama. Na fara da wuyan mashin, domin shi ma gwanin ɗora wa wani laifi ne: in ƙwallayensa sun saki, mahayi zai rantse taya ce. Na kama ƙafafun shokazoba daga ƙasa, na tura gaba na jawo baya. Shiru. Na juya kai dama da hagu, ya tafi sumul, babu inda ya cije a tsakiya. Na sallami wuya, kuma na hana a ƙara masa ɗauri, don wuyan da aka shaƙe shi ma lilo yake sa mashin a hanya. Wayoyinki na bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana, kowace ta amsa da ƙara mai kaifi, babu mai muryar rago. Sannan na dawo kanki, hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, na jijjiga ki gefe da gefe. Kika ce ƙas, ƙas. Shaida ta tabbata, Hajiya, maganar tana cikin cibiyarki.

Sai dai ba a mugun sarki sai mugun bafade, fadawanki kuwa suna da yawa. Akwai sandar ƙarfen da ta ratsa ki, da notin da ke ɗaure ta, wanda wasu ke ɗaurewa da "ya isa haka" maimakon ƙarfin da littafin mashin ya faɗa. Akwai ɗan zoben ƙarfen da ke tsakaninki da ƙafar shokazoba. In aka manta shi ko aka musanya shi da gajere, ko an ɗaure noti har jijiya ta fito sai kin sami wurin zamewa. Akwai haƙoran da ke juya wayar agogon gudu, masu 'yan kunnuwa da dole su faɗa gurbinsu. Akwai kuma farantin birki, mai tsagi da ke kama wani ɗan tudu a jikin shokazoba. Wannan in bai kama ba, ranar da aka taka birki da gaske farantin zai bi ki ku juya tare, sauran labarin kuma sai a asibiti.

Amma wanda na fi zargi shi ne wanda ba a gani. A cikinki, tsakanin boris na dama da na hagu, akwai ɗan bututun ƙarfe. Ba ya juyawa, ba ya ƙara, shi ya sa ake raina shi. Aikinsa ya tokare zoben ciki na kowane boris, ta yadda in an ɗaure noti ƙarfin zai bi ta jikinsa ya wuce. In babu shi, ɗaurin a kan ƙwallaye yake sauka, ya matse su ta gefen da ba a yi su don shi ba. A nan bakanike yake shiga tsaka mai wuya: in ya ɗaure sosai ki ƙi juyawa, in ya sassauta don ki juya ki kama rawa. Galibi sassautawar ake zaɓa, a karɓi kuɗi, a yi sallama. Kin san irin ƙarfen da ake tsinta a ƙasa bayan an gama aiki, a ce, "Wannan ba dole ba ne"? Mutanen Indiya da suka ƙera mashin ɗin nan, Boxer, ba su da ƙarfen zubarwa. Duk abin da suka saka miki, da dalili.

Shi kansa sabon boris ban wanke shi ba. Na ga yadda ake shigar da shi: guduma a hannu, a daki zoben ciki, alhali zoben waje ne kaɗai ya kamata ya sha bugu. Kowane duka yana barin ɗan rami a hanyar ƙwallaye, sai a saka miki sabon abu da ya riga ya tsufa. Ga kuma jabu a kasuwa, kwali mai kyau, ƙarfe mai laushi. Lambar da ke jikinsa ma abin dubawa ce. 6201 da 6301 duk raminsu milimita 12 ne, za su shiga sanda ɗaya, amma faɗin na farko 32 ne, na biyu 37, don haka kowanne da gidansa. In kuwa gidan boris ɗin ne ya buɗe har yana faɗawa ba tare da an tura ba, kada a zo mini da dabarar yanko gwangwani a cusa. Wannan sai sabuwar cibiya.

Ga sharaɗina. Gobe da safe za a sake kwance ki a gabana. Za a shimfiɗa buhu, duk abin da ya fito a jera shi yadda ya fito, na dama a dama, na hagu a hagu. Zan sa yatsa in juya kowane boris, in na ji tsakuwa-tsakuwa ya tafi, ya tafi da ɗan'uwansa, don ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Zan leƙa in ga bututun nan da idona. Bayan an ɗaure, zan sake jijjiga ki, kuma ba na son jin ko tari.

Kafin nan ba ki ba fasinja, ba ki ba babban titi. Uwargida na da biki a yammacin nan, na riga na ba ta kuɗin Adaidaita Sahu, kuma na rubuta shi a cikin bashin da nake bin ki.

Naki a kullum,
Mai hawanki