Ɗabaƙoƙin Masu Tara Dodanni

Mutanen dā sun ce idan kana so ka san halin mutum, to, ka yi tafiya da shi, ko ka ba shi amana, ko ku ƙulla ciniki; ni kuwa, bayan 'yan shekarun da na yi ina fama da wani wasa na wayar hannu wanda ɗan ƙanwata ya jefa ni cikinsa ba tare da shawarata ba, na ga ya kamata a ƙara hanya ta huɗu, wato ka ce wa mutum ya nuna maka rundunar dodanninsa, sa'an nan ka kame bakinka ka bar shi ya yi bayani.

Sunan wasan Puzzle & Dragons, Japanawa kuma suna taƙaita shi su ce Pazudora. Wani kamfani na birnin Tokyo mai suna GungHo ne ya fito da shi a watan Fabrairu na 2012 ta Miladiyya, wato 1433 ta Hijira, kuma kafin a ce kwabo ya yi albarkar da har ake lissafa shi a matsayin wasan waya na farko da kuɗin shigarsa ya kai dala biliyan ɗaya. Abin da ya fara ba ni mamaki da na ɗora ido a kansa shi ne filinsa gida talatin ne, shida a kwance biyar a tsaye, daidai da ramukan darar da dattawa ke haƙawa a gindin bishiya, kuma shi ma 'ya'ya uku ake jerawa a ci. Sai dai a nan ɗa guda kake ɗauka da yatsa ka yi ta zagaya fili da shi, duk wanda ya ratsa su yi musanyar gida, cikin 'yan daƙiƙoƙi ƙidayayyu, domin ka haɗa ci da yawa a ɗauka guda, abin da 'yan wasan ke kira kombo. 'Ya'yan iri shida ne: wuta, ruwa, itace, haske, duhu, da zuciya wadda ke mayar da ran da aka zubar. Ruwa yana rinjayar wuta, wuta tana cin itace, itace yana shanye ruwa, haske da duhu kuwa kowanne maganin ɗan'uwansa ne.

Amma ba a nan rigimar take ba. Kafin mutum ya shiga kogon abokan gaba wajibi ne ya haɗa runduna ta dodanni shida: jagora ɗaya, mabiya huɗu, da na shida wanda aro ake yi daga wurin wani ɗan wasa, kuma da yake baiwar jagoranka da ta jagoran aro ninka juna suke yi, ba tarawa ba, biyar da biyar a wannan fage ashirin da biyar ne. Manyan dodannin kuwa, waɗanda aka laƙaba wa yawancinsu sunayen gumakan Misira da Yunan da Hindu da Japan ta dā, irin su Ra da Horus da Amaterasu, daga cikin wani dodon zinariya suke fitowa, wanda kake miƙa wa duwatsun sihiri biyar ka ja hannunsa, ya sako maka ƙwai daga cikinsa, ba ka san abin da zai ƙyanƙyashe ba. Hukuncin wannan jan hannu na bar wa malamai. Abin da zan ce kawai, hukumar Japan da kanta ta haramta wani nau'i na irin wannan ƙuri'a a 2012, wanda a cikinsa sai mutum ya cika jerin kaya kafin a ba shi babbar kyauta. To, a kan zaɓen waɗannan shida da auna darajar katin kowane dodo ne 'yan Adam suka kasu ɗabaƙa ɗabaƙa.

Mafi yawansu adadi shi ne mai taƙlidi. Wannan bawan Allah ba ya da ra'ayi a kan kowane dodo sai ya duba jadawalin darajoji da gwanaye suka tsara, inda aka jera katuna daga mafifici zuwa maƙasƙanci. Idan ƙwai ya fashe masa, ba ya murna kuma ba ya baƙin ciki, fuskarsa tana nan kamar ta mai jiran hukuncin alƙali, har sai ya je ya ga matakin da aka ajiye abin, sa'an nan ya dawo ya yi farin ciki gwargwadon abin da aka halatta masa. Na ga wani daga cikinsu ya yi wata uku yana cin kogo bayan kogo da wani jagora, yana yabonsa safe da yamma, ranar da aka sauke jagoran nan mataki ɗaya a jadawali sai ya wayi gari yana cewa shi dama tun farko hankalinsa bai kwanta da shi ba.

Kishiyarsa, wanda kuma ya fi shi gajiyar da mutane, shi ne malamin hisabi. Shi mujtahidi ne, ba ya bin mazhabar kowa. Ka nuna masa kati, kafin ya dubi hoton ya riga ya ƙirga ƙananan alamomin da ke gefensa, ya faɗa maka nawa ne ke ƙara lokacin motsa yatsa, nawa ne ke gaggauta cikar baiwa, nawa ne ke kare dodo daga ɗaurin da abokin gaba ke yi masa. Sa'an nan ya kawo maka mas'alar kogo kaza, wanda a hawa na uku ake juya 'ya'yan fili su koma guba, a hawa na bakwai kuma ake ɗaure jagora, ya tabbatar maka da hujja da ƙiyasi cewa rundunar da ka yi wata shida kana tattali ba za ta wuce ƙofa ba. Yana da littafin aljihu cike da ninki da rabawa, ya san cewa ana iya ƙara wa kowane dodo maki 99 a rai, 99 a ƙarfin duka, 99 a warkewa, jimla 297, kuma ya san wanda ya cancanci wannan hidima da wanda yi masa ita asara ce. Aibinsa ɗaya ne tak, ba ya wasa. In ka matsa masa ya shiga kogon nan da rundunar da ya ce babu kamarta, sai ya ce saura mabiyi guda bai samu ba tukuna, kuma shiga ba tare da shi ba wauta ce. Ranar da ya samu mabiyin kuwa, an riga an fito da wani kogon da ya fi wancan, sai a koma lissafi daga farko.

Akwai almubazzari, wanda maganarsa ba ta bukatar tsawaitawa, domin kowa ya san shi a kowace kasuwa: shi ne mai jan hannun dodon zinariya sau hamsin a zama ɗaya, yana cewa na gaba ne, na gaba ne, har albashi ya ƙare a ranar da aka biya shi, ya tashi da kwafi huɗu na dodon da ba ya so, wanda yake nema kuwa ko ƙyallinsa.

Na fi jin daɗin zama da zahidi, wanda ya ɗauki alkawari tsakaninsa da zuciyarsa cewa ko anini ba zai kashe ba, sai duwatsun da ake rabawa kyauta da waɗanda ake samu in an gama kogo. Da zuhudun nasa ya tsaya a nan da abin yabo ne. Amma ba ya iya gaisawa da kai minti biyu bai sanar da kai cewa shi bai taɓa sayen dutse ba, kuma duk dodon da bai mallaka ba yana da aibin da zai faɗa a kansa, wannan baiwarsa tana jinkirin cika, wancan ransa kaɗan ne, irin na makaho da ya rasa ido ya ce ido wari gare shi. Yana tara duwatsu yana jiran ranakun biki da ake ƙara yiwuwar fitowar manyan dodanni, biki ya zo ya ce wannan bai kai ba, na gaba zai fi. An ce mini akwai waɗanda suka bar wasan gaba ɗaya da dukiyarsu a ƙulle, ba su ci ba, ba su bar wa magada ba, tun da ba a gadon asusu.

Kusa da shi a zumunta akwai mai rumbu. A wannan wasa ƙananan dodanni abinci ne, ana ciyar da manya da su domin su ƙara girma, ko a sayar da su. Shi kuwa mai rumbu ba ya ciyarwa, ba ya sayarwa, domin wai wata rana kamfani zai iya ɗaga darajar wani wulaƙantacce, kamar yadda yakan yi lokaci lokaci, ya zama an yi hasarar da ba ta gyaruwa. Dutse ɗaya yana ƙara wa akwati gurbi biyar, saboda haka duk abin da ya samu a faɗaɗa akwati yake tafiya, har ya zama yana da gida mai ɗaki dubu, jarumi ko ɗaya babu a ciki.

Sai mai waswasi, wanda bai taɓa wuce ƙofar gari ba. Da yake sabon shiga ana ba shi jan hannu ɗaya tun da fari, shi wannan in ƙwan bai yi masa ba sai ya shafe wasan ya sake saukewa, ya sake zaɓen ɗan ƙaramin dodonsa na wuta ko na ruwa ko na itace, ya sake bin darasin koyo daga alif, ya ja, ya shafe, kamar mai alwalar da shaiɗan ya riƙe a bakin buta har aka sallame salla.

Mai son kyau kuwa ba ruwansa da lissafi ko jadawali. Zane yake bi. Rundunarsa ta haɗa wata sarauniya mai fukafukai da kyanwar nan Hello Kitty da Batman, domin wasan yakan yi haɗin gwiwa da masu irin waɗannan hotuna, kuma ko da baiwar jagoransa ba ta shafi ko ɗaya daga cikin mabiyan ba, shi dai ya ce sun dace da juna a ido. Malamin hisabi in ya ga wayarsa sai ya yi salati ya kau da kai. Duk da haka ina shaida cewa a cikin dukan waɗanda na lissafa shi kaɗai na taɓa gani yana dariya bayan an kashe shi.

Ba zan tsallake tsohon soja ba, wanda ya fara tun shekarar farko, kuma yake riƙe da jagoran da ya yi tashe a wancan zamani kamar mai riƙe da takobin kakansa. Al'adar irin waɗannan wasanni ce sabon kati ya shafe hukuncin tsoho, nasihi da mansuhi, har ninkin da ake jinjina wa a dā ya zama abin da yara ke dariya; shi kuwa yana nan a kan cewa a zamaninsu da yatsa ake cin kogo, 'yan yanzu kuwa katuna ke yi musu aiki. Sabo turken wawa ne, amma rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ba na musu da shi. Wanda nake musu da shi, har a zuci na ƙullace shi, shi ne abokin aro, mutumin da ban taɓa gani ba, ban san garinsu ba, wanda na gina rundunata kacokan a kan jagoransa, ranar da na shirya shiga babban kogo na tarar ya sauya shi da wani ɗan tsako da yake reno. An ce kayan aro ba ya rufe katara, sai ranar na san fassararsa.

Ya rage ɗabaƙa guda, wadda na jinkirta ambatonta saboda wani dalili. Shi ne mutumin da Allah ya ba manyan katuna, ya hana shi yatsa. Ya ji labarin Anubis, mai kan dila, wanda a farkon zamaninsa in ka haɗa ci goma a ɗauka guda yake ninka duka sau goma, in an gama da na aro ya zama ɗari, sai ya nace har ya same shi, alhali bai taɓa haɗa ci biyar da gangan ba. Ya ɗauki ɗa ya fara zagaye da kyakkyawar niyya, a tsakiyar hanya ya manta inda za shi, lokaci ya ƙare, ya tashi da ci biyu, ya zuba ido ga 'ya'yan da ke zubowa daga sama su cike gurbi, ko ƙaddara za ta haɗa masa abin da hannunsa ya kasa. In sun haɗa, ya ce dabara ce. In ba su haɗa ba, ya ce wasan ya lalace, an daina adalci, kuma rundunar tana bukatar sabon mabiyi.

Ran nan ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni, ya tarar da ni ina cikin wannan irin ƙorafi a kan wani kogo da ya kashe ni sau bakwai, har na kashe duwatsu uku wajen tayar da runduna bayan ta faɗi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Kawu, a ba ni in gani.” Na miƙa masa ina yi masa bayanin cewa mabiyi na uku ne matsalar, kuma jagoran ya tsufa. Bai sauya ko dodo ɗaya ba. Ya ɗora babban yatsansa, na ga 'ya'ya suna tarwatsewa kamar an watsa wa kaji tsaba, ci tara, ci goma sha ɗaya, kafin shayina ya huce ya gama kogon ya miƙo mini wayar da hannu biyu, kansa a sunkuye, ya ce, “Ai rundunar Kawu tana da kyau ƙwarai.”

Na yi nazarin al'amarin daren nan da idon basira, na auna shi ta kowace fuska, na gano cewa gilashin wayar ne ya yi santsi, kuma shi yaro hannunsa ba ya gumi. Da gari ya waye na aika kasuwa a sayo mini wani.