Ranar da Na Rufa wa PlayStation Bargo

A hunturun bara na sayo PlayStation 2 ta hannu a Gashua, na rungumo ta a mota har Yusufari kamar mai rakiyar amarya, da niyyar buɗe gidan gem a shagon ƙofar gidanmu. Mai sayarwar ya rantse min cewa irin wannan ba ta mutuwa. Bai yi nisa da gaskiya ba. Sony ta fito da ita a Japan a 2000, aka sayar da sama da miliyan 150, ba a kuma daina ƙera ta ba sai wajen 2013. Wato tawa ta girmi duk yaran da ke layi suna jiran buga ƙwallo a kanta.

Mako uku kasuwa na ci. Sai iskar arewa ta taso. Wanda bai san garinmu ba, ya sani cewa tuddan rairayin Tulo-Tulo a ƙaramar hukumarmu suke, kuma rairayin nan ba ya sallama kafin ya shiga ɗaki. Fankar na'urar kuwa aikinta ke nan, jan iska. Ta ja, ta ja, har idon da ke karanta faifai ya dushe. A sa faifai, ta yi gurnani, ta ce ba ta gani.

Nan ɗan yayata ya kawo ilimi.

"Kawu, Turawa tawul suke naɗa wa tasu ta warke."

Abin haushi, yaron bai yi ƙarya ba, sai dai ya haɗa mara lafiya da maganin wani. Labarin Xbox 360 ne, wadda jar fitila ke zagaye maɓallinta idan ta sume. Zafi ne ke tsattsaga dalmar da ta riƙe kayan cikinta, masu ita kuma suka riƙa naɗe ta da tawul don ta ƙara zafi, ko dalmar ta sake kamawa na 'yan kwanaki. A 2007 Microsoft ta ware fiye da dala biliyan 1 don gyara, ta mai da garanti shekara 3. Ni duk ban san wannan ba. Na ji tawul, na ce ai bargo ya fi tawul daraja.

Na lulluɓe ta da bargon auren maiɗakina, na tada janareta, na zauna ina jiran waraka. Bayan rabin sa'a shago ya ɗauki ƙaurin roba. Yara suka watse, maiɗakin ta iso, kuma ba na'urar ta zo dubawa ba.

Washegari sai Nguru, wajen mai gyara. Mai gyaran, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya kwance bayanta ya girgiza a kan jarida. Rairayi ya zubo, sai busasshen kyankyaso, sai ɓawon gyaɗa.

"Malam, gyara ka kawo ko fili za ka sayar min?"

Ya hure ta, ya goge idon da auduga, ya jona. Ta tashi garau, kamar ba ita ce aka lulluɓe da bargo ba. Ya ce abu uku ke kashe su a ƙasar nan: ƙura, zafin bazara da ke haura digiri 40, da wutar janareta mai hawa da sauka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce yau ya ga na huɗu.

Na dawo da ita, na ɗora ta bisa bulo biyu don ta sha iska. Har yau tana aiki. Talabijin ɗin ce ta ƙone a watan Afrilu, akuyar maƙwabci ta tauna wayar hannu ɗaya, bargo kuma har yanzu ina biyan bashinsa.