Bayani a Kan Ilimin Zamiya da Matsayinsa a Ƙasar Fombina, Wato Adamawa

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, cewa a ƙasashen da Allah Ya jarrabe su da dusar ƙanƙara akwai wata al'ada ta masu hali da ake kira siki. Magidanci zai shekara yana tanadi, sa'an nan ya kwashi iyalinsa ya kai su inda ya fi ko'ina sanyi a ƙasar. A can zai biya kuɗi a haura da shi ƙololuwar dutse, ya ɗaura katako biyu a ƙafa, ya gangaro daidai inda aka ɗauke shi. In ya iso da ransa, sai ya sake biya a mayar da shi sama. Wannan shi suke kira hutu.

Kalmar kanta daga tsohon harshen mutanen Nowe ta fito, ma'anarta tsagin itace, wato faskare. Saboda haka duk matar da ta taɓa aiken yaro sayen faskare a unguwar Luggere ta Jimeta ta yi hulɗa da wannan fanni ba ta sani ba. A Hausa muna cewa zamiya. Sai dai ɗalibi ya kiyaye kada ya haɗa santsi da santi. Santsi shi ne abin da ke kayar da mutum a kan dutse, santi kuwa a gaban akushi yake kayar da shi, kuma masana sun tabbatar na biyun ya fi wuyar warkewa.

Dangane da yadda wahala ta koma hutu, ana ba da labarin wani mai masauki a garin San Moris na Suwizalan, Johannes Badrutt. A 1864 ya ce wa baƙinsa 'yan Ingila su dawo cikin tsakiyar sanyi, in ba su ji daɗi ba kuɗin tafiyarsu a wuyansa. Suka dawo, suka ƙi tafiya sai da sanyin ya wuce. Zuwa 1924 abin ya kai ga gasar Olamfik ta sanyi ta farko a Shamoni ta Faransa. Saura matsalar hawa, domin mai kuɗi yana son gangara amma ba ya son haki. An warware wannan a 1936 a Sun Valley ta Amurka, inda wani injiniyan kamfanin jirgin ƙasa, James Curran, ya duba ƙugiyoyin da ake lodin ayaba da su a jirgin ruwa, ya cire ayabar ya rataya kujera. Har yau haka ake jigilar attajiran duniya, a jere, ƙafafu na reto.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce ko mutumin Yola da Jimeta yana da haƙƙi a cikin wannan ilimi. Abin da ake bukata dai tudu ne, da sanyi, da dusar ƙanƙara.

Tudu ba abin jayayya ba ne. Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, sunansa ma daga yolde yake, wato tudu a Fillanci, kamar dai magabata sun hango. Ga Bagale a tsallaken Binuwai, ga Alantika da Mandara a iyakar Kamaru, ga Sukur da hanyarta ta shimfiɗaɗɗun duwatsu wadda UNESCO ta sa a kundinta a 1999, ga kuma Dimlang a tsaunukan Shebshi mai tsawon mita 2,042.

Sanyi ne yake son lissafi. Masana yanayi sun ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6.5. A watan Afrilu, lokacin da Jimeta ke kai digiri 40 har akuya ta ƙi fita daga ƙarƙashin mota, ana bukatar hawan sama da mita 6,000 kafin ruwa ya daskare. Wato sai an samu Dimlang uku an ɗora su kan juna, kuma guda ɗaya muke da shi. Amma da asubahin Janairu, in ma'auni ya sauko wajen 15, mita 2,300 da ɗoriya sun wadatar, a kan takarda. Akwai kuwa dutsen da ya kai haka: Chappal Waddi, mita 2,419, wanda ya fi kowanne tsawo a Nijeriya. Namu ne har 1991, da aka raba jihar Gongola aka bai wa Taraba shi, aka haɗa mata da Mambila da shayinta. Ban ga alamar an yi la'akari da makomar zamiya a wajen wannan rabon gado ba.

Duk da haka kada wani ya raina hunturunmu. Bature yana auna sanyi da ma'auni, mu da gaisuwa muke aunawa. Ranar da "ina gajiya" ta koma "ina sanyi", aka amsa da "lokacinsa ne", to kaka ta buɗe, abin da Fulani ke kira dabbunde ya shigo. Wanka ya zama batun da ake shawara a kansa. Faso ya tsaga dugadugai, man kaɗe ya yi daraja, tsofaffi su kewaye kaskon gawayi, yara su tashi fari fat kamar an tsamo su daga buhun fulawa.

A nan ne ma muke da babbar hujja, kuma a kasuwar Jimeta take, layin 'yan gwanjo. Daga Nuwamba ake fasa dilolin rigunan sanyi, wasunsu an ɗinka su ne domin duwatsun siki na Turai. Ni da kaina na sayi wata ja mai kumburi, aljihu bakwai, da hula mai gashi kamar wutsiyar yanyawa. A jikin zif ɗinta na tarar da wani ɗan kati a maƙale, da hoton dutse da rubutun Jamusanci. Mai gwanjon ya ce lambar kamfani ce, alamar rigar ba jabu ba ce, ya ƙara mini kuɗi a kanta. Daga baya bincike ya nuna mini tikitin hawa kujerar ayaba ne. Ban cire shi ba, domin ba a san ranar da za a bukace shi ba.

Ka tsaya a bakin gadar Jimeta da sassafe ka ga masu Keke Napep: rigar da aka gwada ta a sanyin da ke daskarar da majina, hular sanyi har gira, rawani a kan hular, safar hannu, sa'an nan a ƙafa silifas. Daga wuya zuwa ƙugu Suwizalan, daga gwiwa zuwa ƙasa unguwar Jambutu. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe rana za ta tuna da aikinta, amma ba mai tuɓewa, saboda kuɗi aka sa. Idan aka ƙidaya rigunan siki a kan kowane mutum, ina kyautata zaton unguwar Doubeli ba za ta ji kunya a gaban San Moris ba.

Saura dusar ƙanƙara, inda masana suka rabu gida biyu. Gida na farko ya ce ba mu da ita. Gida na biyu, wanda nake ciki, ya ce a duba sunan. Dusa muna da ita, buhu-buhu, masu kiwon raguna ke saye. Ƙanƙara muna da ita, sanda-sanda, in an samu wuta, masu zoɓo da kunun aya ke saye. Matsalar ta haɗi ce kawai, kasancewar ba layi ɗaya ake sayar da su ba. Akwai kuma wadda ke faɗowa daga sama a ruwan farko, amma ba a taɓa samun damar auna ta ba, yara ke tsince ta su tsotse kafin masani ya nemo takalminsa.

Wasu kuma sun kafa hujja da hazo. Fari ne, daga sama yake sauka, iska ke kwaso shi tun daga ƙwarin Bodele na Chadi. Yana lulluɓe mota, yana furfura gashin ido, yana hana jirgi sauka a filin jirgin Yola, duk abin da dusar Turai ke yi. Bambancin kawai shi ne namu ba ya narkewa, wanda a kowace kasuwa alamar inganci ce.

In ma an ce dole sai ta gaske, tarihi ya nuna rashinta bai hana Nijeriya komai ba. A 2018 'yan mata uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun kai tutar ƙasar nan Olamfik ta sanyi a Koriya ta Kudu, bayan sun fara atisaye da akwatin katako a Houston, garin da shi ma zafi ne abincinsa. A 2022 Samuel Ikpefan ya yi mana siki a Beijin. A Faransa aka haife shi, amma wannan ba laifinsa ba ne. A nahiyarmu ma ana yi a Ukaimedan ta Maroko da kuma Lesoto, ita Lesoto sanyinta a Yuni da Yuli yake zuwa saboda a juye take.

Ilimi ba gwaji ɗan'uwan jita-jita ne, don haka na je wurin wani kafinta na zana masa abin da nake so: katako biyu dogaye, baki a ɗage, da maɗauri na tsohuwar taya.

"Malam, benci ne ko ƙofa?"

Na ce takalmi ne. Ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce a ba da rabin kuɗi tukuna.

Ranar gwaji na sa jar rigata na nufi bakin Binuwai. A Janairu kogin ya ja baya, ya bar yashi fari har iyakar gani, kuma inda tifofi ke lodi akwai tsibi mai tsawon gida. Abin da na tarar ya girgiza ni a matsayina na mai bincike: an riga ni. Yara wajen goma, ba riga ba tikiti, kowanne da tsagin jarka rawaya. Yaro zai hau da gudu, ya zauna a ciki, ya kama baki da hannu biyu, ya ɗage ƙafa, sai sululu har ƙasa yana ihu. Wanda ya kife ya tashi ya tofar da yashi ya koma layi. Har ƙa'idoji gare su: mai jarka yana yin biyu, mai aro ɗaya.

Na hau ina haki, ina tuna alherin James Curran. Na ɗaura katakaina, na riƙe sandunan dogon yaro biyu, na miƙe. Wani ɗan ƙarami mai majina ya ja mini riga.

"Baba, zama ake yi."

Na bayyana masa cewa a Nowe tsaye ake yi. Abin da ya biyo baya ya tabbatar da wata ƙa'ida da littattafai ba su ambata ba, wato katako ba ya zamewa a kan yashi, nutsewa yake yi, mai shi ne ke ci gaba da tafiya. Na iso ƙasa kafin kayan aikina, da tazara mai yawa. Yaran suka yi tafi, ɗaya ya tambaya ko zan sake.

A wuraren hutun Turai akan samu likitan ƙashi a gindin dutse. Mu ma mai ɗori bai yi nisa ba. Yana jan wuyan hannuna yana tambaya ko daga mashin na faɗo, na ce daga siki. Ya ce, "Allah Ya kiyaye gaba, waɗannan motocin na yanzu ba su da birki."

Kafin karan ɗorin su fita Fabrairu ta ƙare, kaka ta rufe. Jar riga ta koma ƙasan akwati da tikitinta, mutane suka fara fitar da katifa tsakar gida, sandar ƙanƙara ta fara tsada. Katakan kuwa na mayar wa kafinta a madadin cikon kuɗinsa. Ya buga musu ƙafa huɗu ya sayar wa mai shayin unguwarmu, kuma da yake bakinsu a ɗage yake, wanda ya zauna a gefe yakan gangaro a hankali zuwa tsakiya.