Yadda Ake Zuwa Zanzibar a Dawo da Mutunci

Da farko dai, Alhaji, ka sani Zanzibar tarin tsibirai ne a gaɓar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba, kuma wanda kowa ke zuwa ɗaukar hoto shi ne Unguja. Wannan sanin zai yi maka rana idan ka dawo. Duk wanda ya ce shi ma ya taɓa zuwa, ka tambaye shi, "Unguja ko Pemba?" sannan ka zuba masa ido.

Daga Darussalam tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ruwa. Kada ka cika ciki kafin ka shiga, don teku ba ta san babban mutum ba, abin da ka ci za ta karɓa a gaban jama'a. Fasfo kuma ya zauna a aljihun gaba. Tun 1964 Zanzibar ta haɗe da Tanganyika suka zama ƙasa ɗaya, amma har yau a tashar jirgi sai an duba takardunka.

Sai maganar agogo. Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙidayar awa, don haka ƙarfe ɗaya na safe a bakinsu ƙarfe bakwai ne a namu. Idan mai kwale-kwale ya ce ku haɗu ƙarfe biyu, kada ka tashi cikin dare kana salati, takwas yake nufi. Wanda ya saba makara kuwa, ya samu uzurin da zai ishe shi har ya koma gida.

Tsohon garin, wanda suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ajiye babbar riga a masauki. Lungunan nan sun yi kama da na cikin birnin Kano, sai dai benaye ne dama da hagu, kuma idan ka baza riga, mai babur ɗin da ke bayanka ba shi da ta inda zai bi. Za ka ɓata, wannan ba makawa. An ce matambayi ba ya ɓata, to wanda ya faɗa bai zo nan ba: mutum zai yi maka kwatance cikin ladabi, ka sha kwana uku, ka sake ganinsa zaune a dakalin da ka bar shi. Ka yi masa sallama kamar yau ka fara ganinsa, ka zauna, a zuba maka gahawa a ɗan finjali. A ganina wannan zaman ya fi rabin abin da mai rakiyar baƙi zai nuna maka.

Gidajen da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina su, shi ya sa damshin teku ke cin bango, kada ka ɗauka sakaci ne kawai. Abin kallo ƙofofi ne, katako mai kauri an sassaƙe shi da furanni da sarƙoƙi, wasu da rubutun Larabci a sama. Waɗansu za ka ga an jera musu manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. Salon daga Indiya ya zo, inda ake sa su don hana giwa tunkuɗe ƙofa. A Unguja babu giwa ko ɗaya, amma attajirai sun sa, don maƙwabci ya gane cewa da akwai giwar, su dai sun shirya. Ka yi hoto a gefen ƙofa, kada ka jingina.

A bakin ruwa akwai Beit al-Ajaib, gidan al'ajabi da Sarki Barghash ya gina a 1883, na farko a tsibirin da ya samu lantarki. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, don haka daga waje za ka tsaya kana gyaɗa kai irin na masana. A wannan wajen ne, ranar 27 ga Agustan 1896, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar Sarki Khalid luguden wuta, yaƙin ya ƙare cikin ƙasa da awa ɗaya. Cinikin da za ka yi da mai sayar da hula a kasuwar Darajani zai fi shi daɗewa.

Wuri ɗaya ne ban yarda ka yi raha ba. Cocin Angilika da ke Mkunazini a kan filin tsohuwar kasuwar bayi aka gina shi, kasuwar da aka rufe a 1873. Gonakin kanumfarin da suka azurta sarakunan da suka zo daga Oman, bayi ne suka nome su. Ka shiga, ka karanta abin da aka rubuta, wayarka tana aljihu.

Da magariba sai lambun Forodhani, inda ake baje gasasshen kifi da ruwan rake da wata miya mai tsami da ake kira urojo. Za a miƙo maka wata halitta mai hannuwa takwas a tsinke. Ka ci ko kada ka ci, ruwanka, amma ka tambayi kuɗin kafin ta shiga baki.

To, ga teku. Idan kana son ruwa ya tsaya inda ka gan shi, tafi Nungwi ko Kendwa a arewa. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku takan janye ta yi nisa, ka shiryo da gajeren wando ka tarar da fili fetal, mata na ta aikin ciyawar teku suna kallonka. Ka murtuke fuska ka nuna dama binciken noma ya kawo ka. Idan ruwan ya dawo, iya ruwa fidda kai: shiga zuwa gwiwa, a ɗauki hoton daga nesa, ka fito. Rigar ceto kuma ba abin kunya ba ce a kwale-kwalen zuwa tsibirin Changuu, inda aka gina kurkuku a 1893 ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba. Yanzu manyan kunkuru ne ke zaune a wurin, 'yan asalin Seychelles, wasu sun haura shekara 100. Gaishe su da girmamawa, sun girmi kakanka.

Tsaraba kuwa kanumfari ne, da kirfa, da hular nan tasu mai ɗinkin hannu. Hajiya za ta shinshina ta ce irinsa ne a kasuwar Kurmi, har ya fi araha. Kada ka yi musu da ita. Ka dai tabbata ledar da ka zubo shi tana da rubutun Swahili a jiki.