Yadda Ake Zama da Firinta a Gida Ba Tare da An Sayar da Gonar Gado Ba

Wannan shawara ta waɗanda suka riga suka saya ce. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mai shago ya tambayi kuɗin tawada, ya kuma sake tambaya don yana zaton kunnensa ne bai ji daidai ba, ya wuce shafi na gaba, Allah ya ci gaba da rufa masa asiri. Mu da abin ya ci kuwa, ba sai an koya mana jona waya ko jera takarda ba. Mun iya. Ciyar da na'urar ne ya gagare mu.

Shawara ta farko: ka daina murnar ka samu araha. Kamfanonin nan suna sayar da ƙananan firintoci da riba kaɗan, wani lokaci ma da faɗuwa, domin sun san za ka dawo. A watan Janairun 2024 shugaban kamfanin HP na lokacin, Enrique Lores, ya faɗa da bakinsa a wata hira da tashar CNBC cewa duk wanda ya sayi firintarsu jari ne suka zuba a kansa, kuma idan bai buga takardu da yawa ba, ko bai yi amfani da tawadarsu ba, to jarin ya yi asara. Ka ji matsayinka, malam. Kai kana ganin kaya ka saya ka kai gida, su kuwa can suna lissafin abin da za ka kawo duk wata. Shi ya sa a shaguna da yawa kuɗin katirij biyu, baƙi da mai launi, yake kamo ƙafar kuɗin sabuwar firinta. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuma, kowane ɗigo da farashin dala yake shigowa.

Ta biyu: kada ka ce to bari kawai ka sayi sabuwar firinta duk lokacin da tawada ta ƙare. Sun riga ka yin wannan tunanin. Katirij ɗin da ke zuwa cikin kwali sau da yawa na ɗanɗano ne, ba a cika shi kamar na sayarwa ba. Na sayarwar ma me ke ciki? Akwai baƙin katirij da mililita 2 kacal aka zuba masa, wato bai kai rabin cokalin shayi ba, aka rubuta masa shafi 120. A 2021 ƙungiyar kare masu sayayya ta Which? da ke Birtaniya ta lissafa, ta samu tawadar da litarta ta haura fam 2,400. Ruwa ne fa mai launi! Almajirin da ke makarantar allo yana haɗa tawadarsa da baƙin tukunya da ƙaro, ya rubuta ya wanke ya sake rubutawa, kuma ba a taɓa jin ranar da allo ya ƙi karɓar rubutu don ba a sayo tawadar daga wurin masassaƙinsa ba.

Ta uku ta shafi launi, kuma a nan ne raina yake ɓaci. Kwanan nan da daddare na zauna zan buga wa ɗiyata takardar shiga jarrabawa da za ta tafi da ita da sassafe. Rubutu ne baƙi a kan farar takarda, layuka kaɗan. Na'urar ta ce ba za ta buga ba, ruwan ɗorawa ya ƙare. Ina ruwan sunan yarinya da lambar kujerarta da ruwan ɗorawa? Baƙar tawada na nan, takarda na nan, har wutar lantarki ranar an yi mana karamci an bar ta. Wasu firintocin ma in tawada ta ƙare ko sikanin ba sa yarda su yi, aikin da ba ya cin ko ɗigo. Idan kuma naka katirij ɗin mai launi uku ne a haɗe, da zarar ɗaya ya ƙare ka yar da sauran biyun ke nan.

To ina ruwan ɗorawan ya tafi, alhali ba ka buga hoto ba? Wanka. Na'urar takan wanke ƙananan ƙofofin da tawada ke fitowa ta cikinsu, kuma da tawadarka take wankan, ta tsiyayar da ita cikin wani soso da ke ƙarƙashinta. Wannan gurnanin da kake ji kafin ta ja takarda, kuɗinka ne ke zuba. Ka haɗa da halin da muke ciki: a ɗauke wuta tana tsakar aiki, a dawo da ita, ta sake gurnani. Ga hunturu da ƙura, ga zafin Afrilu. In ka buga, tawada ta ƙare. In ka yi tattali ka bar ta sati uku, ta bushe, ta fito maka da rubutu mai zane-zane, sai ka sa ta wanka, wankan ya cinye abin da ka tattala. Soson nan kuma ranar da na'urar ta ƙirga cewa ya cika, a wasu samfuran sai ta tsaya cak, ta ce a kai ta wurin gyara.

Ta huɗu ce ko ta biyar, a bar lissafin. Za ka nufi masu ɗura tawada da sirinji, bayin Allah da suka ceci ɗalibai da yawa ranar miƙa furojet. Ka je, amma ka fara kashe wa firintarka sabunta manhaja ta intanet. A jikin katirij akwai wata 'yar na'ura da ke faɗa wa firinta ko ɗan gida ne ko baƙo. A watan Satumban 2016 firintocin HP da yawa suka wayi gari sun ƙi karɓar katirij ɗin wasu kamfanoni saboda wani tsari da aka sa a manhajarsu, kuma a 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar kamfanin yuro miliyan 10 kan rashin sanar da masu saye wannan takunkumi yadda ya kamata. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wa kamfanin firinta na Lexmark hukunci cewa ba zai fake da haƙƙin ƙirƙira ya hana a sake cika katirij ɗin da ya riga ya sayar ba. Sai da aka je har kotun ƙoli kafin a tabbatar da abin da kowane ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya sani, cewa in ka sayar ka karɓi kuɗi, kaya ya bar hannunka.

In ɗan'uwa ya yi maka tsarabar firinta daga Ingila ko Amurka, ka yi godiya, amma ka duba lamba. Firinta iri ɗaya kan ci katirij mai lamba 63 a Amurka, 302 a Turai, 123 a nan Afirka, kuma ba ta karɓar na wani yanki ko da ya shige raminsa daram.

Sauran shawarwarin gajeru ne. In rubutu kawai kake bugawa, nemi firintar leza mai cin tona, gari ce, ba ta bushewa. In kana buƙatar launi da yawa, tara kuɗi ka sayi mai tanki da ake zuba wa tawada daga kwalba. In kuwa shafi goma kake bugawa a wata, shagon fotokofi na bakin layi ya ishe ka.

Ga Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya a Najeriya kuma, ina roƙo: a tilasta wa masu sayar da firinta su manna kuɗin tawadarta da adadin shafin da take bugawa a jikin kwali, kusa da farashin na'urar. Kafin a yi hakan, ɗan'uwa, in ka shiga shago ka fara tambayar kuɗin katirij. In mai shago ya soma kame-kame, mayar da kuɗinka aljihu ka fita.