Ranar da na auna zumunci da biro

Robin Dunbar, farfesan nan na Jami'ar Oxford, shi ya jawo mini. A 1992 ya gwada girman ƙwaƙwalwar birai da yawan garkensu, ya ce ɗan Adam ba ya iya riƙe hulɗa ta ƙwarai da mutum fiye da 150. Su ma ɗin hawa-hawa ne: na jiki biyar, sai 15, sai 50, sai ragowar. A binciken da ya fitar a 2016 kan masu Facebook a Birtaniya, ya tarar waɗanda mutum zai dogara da su ranar tashin hankali ba su wuce huɗu ba.

Na ce wannan lissafin Turawa ne. Mu da dangin uwa kaɗai ke cika 150 ranar suna? Kuma bincike ba sai da digiri ba. A Amurka tun 1900 mutanen gari ke ƙirga tsuntsaye duk ƙarshen shekara su miƙa wa masana. To, ni ma zan ƙirga nawa.

Na sayi littafi da biro, na zana da'ira huɗu, na tura wa kowa saƙo ta WhatsApp: "In na shiga matsala tsakar dare, za ka fito?" Ban ce bincike ba ne, don kada a yi mini kara.

Ba a yi mini karar ba kuwa. Yawancinsu sun karanta sun yi gum. Wasu suka ce "Allah Ya rufa asiri." Aminina tun firamare ya rubuto, "Wallahi jiya-jiyan nan na biya kuɗin makarantar yara," alhali ko sisi ban ambata ba. Mutum ɗaya ne ya kira nan take, muryarsa na rawa, mai shagon da ke bi na bashin shinkafa: "Malam, lafiya dai ko? Ka kula da kanka don Allah." Ilimi ba ya son son kai, na sa shi cikin biyar.

Kafin isha'i labari ya kai gidanmu cewa an kama ni. Hajiya ta aiko yaro da rubutun sha a gora.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da safe na tarar da uwargida zaune bakin gado, littafin a buɗe kan cinyarta.

"Baban Ummi, me Umma ta yi maka ka haɗa ta layi ɗaya da mai cajin waya?"

Na fara bayanin ƙwaƙwalwar birai. Nan fa na ƙarasa ɓata rawata da tsalle.

"Au, birai ma?"

Ta yafa mayafi, ta saɓa Ummi.

Kawu na roƙa ya raka ni biko. Mun kai ƙofar gidan surukai, har ya cire takalmi ɗaya, sai ya juyo: "Kafin mu shiga, ni a wace da'irar ka sa ni?"